Ƙanzon Sakuji

A Yambenai ba ma duba kalanda mu san kaka ta shigo. Wata safiya ce kawai za ka zuge ƙofa ka ga farin tururi ya taso daga bututun masana'antar sitaci, ya kwanta luf a kan gonakin dankali, ya bi kogi a hankali har ya ɓace wajen duwatsu. Da ka ga haka, to 'yan ci-rani sun iso, Ebina Sakuji kuma ya kunna wutar gangarsa.

Sakuji ɗan masunta ne daga tsallaken ruwa, can gaɓar Aomori. Ubansa masunci, wansa masunci, kakansa ma a teku ya ƙare. Shi kuwa, ka ji abin kunya, da ya ɗora ƙafa a jirgi sai cikinsa ya hautsine. An gwada shi har an gaji. Mutane na jan taru, shi yana rataye a gefen jirgi yana mayar wa kifi abin da ya karya da shi. Ranar da wan nasa ya ƙosa ya ce masa, "Kai dai ba na ruwa ba ne, je ka nemi inda ƙasa ba ta motsi." Sai ya ɗaure ƙunshinsa ya bi mazan ƙauyensu da ke haurowa arewa duk kaka, su yi wata uku a masana'antar ƙungiyar manoma, ƙanƙara na fara sauka su koma gida. Ko wannan tsallakawar ma a kwance yake yin ta, da bokiti kusa da kansa.

Aikin da aka ba shi na can ƙarshen layi ne, inda ba wanda ke rububi. Dankali ya shigo, a wanke, a gurza, a tace farin sitaci a wuce da shi. Abin da ya rage, wata jiƙaƙƙiyar dusa mai tsami da ko kare ba ya shinshinawa, ita ce rabon Sakuji. A matse ta, bel ya kwashe ta ya zuba a bakin ganga. Gangar ta ƙarfe ce, doguwa, a kwance, ta fi motar bas tsawo. Tana juyawa a hankali, wutar baƙin mai na hura mata zazzafar iska ta wannan kan, dusar ta fito ta wancan kan a bushe, fara-fara, a ɗura a buhu a ajiye wa shanu abincin hunturu. Mai wuta kuwa ba abin da yake yi sai zama a kan ɗan benci gaban wata 'yar tagar gilashi, yana kallon harshen wuta, ya ƙara mai ko ya rage.

To wa ya ce a ba irin Sakuji wannan aiki! Mutum ne da ko shinkafa yake ci sai ka ga ya tsaya da loma a hanya, ya tafi wata duniya. Gangar nan na juyawa tana wani shuu, shuu, dusa na gangarowa a cikinta kamar ruwa yana ja da baya a kan yashi. Teku ya samu wadda ba ta juya masa ciki. Yakan zauna, tururi na shigowa ta ƙofa yana lulluɓe masa ƙafafu, ya ji bencin ya tashi da shi, ya wuce kan rufin kwano, ya ƙetare kogi, yana leƙen gidajen mutane daga sama.

A kakarsa ta farko, wata Laraba da hantsi, wata mata ta shigo harabar da keken doki za ta ɗauki dusa. Obara Mitsuno ke nan. Itace ya danne mijinta a daji hunturun da ya wuce, ya bar mata ɗan goyo da shanu huɗu. Rigar sanyin mamacin ce a jikinta, ta nannaɗe hannayen, ta ɗaure kai da farin tawul, tana yi wa dokin faɗa kamar shi ya kashe mata miji. Tururi ya rufe ta, ya buɗe, ya sake rufewa. Sakuji bai san sa'ad da ya bar benci ya zo bakin ƙofa ba. Yana nan tsaye baki buɗe har ƙauri ya cika wurin.

Dusar ta fito jaja-jaja, wani wurin har ta yi baƙi, tana ƙaurin ƙanzon tukunya. Dobashi, shugaban ma'aikata na wancan zamani, mutum mai wuyan bijimi, ya taho a guje.

"Ebina! Uban me kake gasawa a nan?"

Sakuji ya rusuna.

"Kai wane irin sakarai ne? Teku ta ƙi ka, yanzu wuta ma ta ƙi ka? Tattara tsummokaranka, jirgin gobe da kai zai tashi!"

Mitsuno ta ɗaure dokinta ta matso. Ta tsoma hannu cikin ƙonanniyar dusar, ta murza, ta kai hanci.

"Dobashi-san, ihun me kake yi haka kamar an taka maka ƙafa? Wannan ai ita nake nema. Shanuna ƙanzo suke so."

"Shanu? Ƙanzo?"

"Ka taɓa tatsar saniya? To yi min shiru. A loda min duka." Ta juya ta dubi Sakuji sama da ƙasa. "Kai kuma rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Ƙarya ce, tsagwaronta. Saniya ba ta cin ƙonanniyar dusa, ɗaci gare ta, kowa a Yambenai ya san haka. Mitsuno ta kai buhunan gida ta zazzage su bayan garke ta karkaɗe hannu. Tausayi ne ya kama ta ganin ƙaton saurayi na ɓari gaban Dobashi, shi ke nan, ko dai haka ta riƙa cewa. Dobashi ma ya gane, ya ga ba zai iya da bakinta ba ne ya ƙyale. Mutum ɗaya tak ya yarda a duk garin, ɗan masuntan da bai taɓa tsayawa kusa da saniya ba.

To akwai wata al'ada a masana'antar. Ranar kashe wuta, lodin ƙarshe da ya rage cikin ganga, wanda muke kira wutsiya, na mai wuta ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Waɗansu sukan yi musaya da wake ko shinkafa su tafi da shi gida. Sakuji kuwa da ranar ta zo sai ya ƙara wuta da gangan. Ya tsaya a kan wutsiyar nan kamar mai soya wa baƙo nama, yana ɗiba yana shinshinawa, har ta yi irin launin da ta yi ran nan. Ya ɗura da hannunsa, ya ɗinke bakin kowane buhu, ya kira Heizo mai jigilar kaya ya ce a kai gidan Obara-san, wato Mitsuno, a ce mata ga na shanu.

Heizo ya kai. Ya dawo yana riƙe da ciki don dariya, amma bai ce uffan ba, domin Mitsuno ta shaƙe masa kwalar riga ta ce, "Ka sake bakinka ya yi tsawo, a wandonka zan zazzage na gaba."

Da shekara ta zagayo Sakuji ya ƙara. Wadda ta biyo ma haka. Abu kamar wasa ya kai shekara talatin da ɗoriya. Dobashi ya mutu, keken doki ya koma 'yar ƙaramar mota, shanu huɗu suka zama goma sha, ƙanzon Sakuji bai taɓa fashi ba. Da fari garin dariya yake yi. Daga baya dariyar ta yi laushi, ta koma wani abu da ake lallaɓawa. Sabon ma'aikaci in ya buɗe baki zai ce ai shanu ba sa cin wannan, sai ya ji an taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Duk Laraba Mitsuno na zuwa ɗaukar dusar kirki, farar, wadda shanun ke ci da gaske. Ta tsaya a bakin ƙofar ganga inda ɗumi yake, ta miƙa masa gasasshen curin dankali a naɗe cikin jarida. Shi kuma ranar farko ta kowace kaka ya miƙa mata damin busasshen kifi daga gida, da hannu biyu, yana kallon takalminta. Hirar tasu ba ta taɓa sauyawa ba.

"Obara-san, ya shanu?"

"Suna gaishe ka."

"Na bara, sun ci kuwa?"

"Har lasar kwami suke yi."

Sai fuskarsa ta yi ja, ya juya yana gyara wutar da ba ta nemi gyara ba. Ita kuma ta ɗan ƙara tsayuwa, tana ɗumama hannu, tana jira ko akwai saura. Babu. Ta yi tsaki ta ce sanyi ya kusa, ta tafi.

Bai taɓa zuwa gidanta ba. Ɗan ci-rani daga ɗakin kwana sai ganga, daga ganga sai gidan wanka, kuma ina shi ina taka ƙofar bazawara a garin mutane? Don haka sai ya gina gidan a cikin kansa. Da farko ɗaki ɗaya ne da murhu. Shekara ta gaba ya sa masa jan rufi. Wata shekarar ya dasa itatuwan tuffa biyu a ƙofa, ya jawo ɗan rafi ya bi da shi ta bayan garke, har ƙarar ruwan yake ji. Shanun ma ya raɗa musu sunaye, ya san wadda ke fara kai baki cikin ƙanzo da wadda ke tunkuɗe 'yar'uwarta. Cikin harshen wutar nan yake ganinsu sun jera kawuna suna ci suna kaɗa kunne, ita tana tsaye da bokiti tana cewa a ranta, kai, mutumin nan ya iya. Can daga baya ya ƙara wani ɗan ɗaki a gefen garke, mai taga ɗaya, ya kafa ƙusa ya rataye rigar sanyinsa. Nan yake tsayawa. Ko a mafarkin ma kunya ba ta barin sa ya wuce nan.

In ya koma Aomori ma gidan na biye da shi. Yana zaune a gaɓa yana ɗinke wa wansa taru, iskar teku na dukan sa, shi kuwa yana can yana share ƙanƙara daga ƙofar garke. Matar wansa takan ce, "Wannan ƙanen naka gangar jikinsa kawai jirgi ke dawo mana da ita."

Me ya hana shi magana? Da fari tsohuwarsa ce, tana kwance, shi ke juya ta in yana gida. Da ta rasu sai ya ce bari yaron Mitsuno ya girma tukuna. Da yaron ya girma ya tafi Sapporo sai ya dubi madubin gidan wanka ya ga furfura, ya ce yanzu kuma ai abin dariya ne. Ni dai ban ga wani dalili ba sai tsoro, kuma har yau in na tuna haushinsa nake ji.

Heizo ya yi iya yinsa. Suna cikin ruwan zafi a gidan wanka sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Saku-san, shanun nan fa sun ƙoshi. Saura mai shanun."

"Bar wannan magana, Heizo."

"Yo in ni ne ai da tuni na..."

"Kai ɗin da matarka ke bi da muciya?" wani ya jefo daga can gefe, aka kwashe da dariya. Sakuji kuwa ya nutse a hankali har ruwa ya rufe masa kunnuwa.

Sai ga shekarar da baƙin mai ya yi tsada har ƙungiya ta zauna ta yanke shawara. Daga baɗi ba za a ƙara busar da dusa ba. Manoma za su riƙa kwasarta a jiƙe, su danne a rami su rufe da leda. Gangar kuma a yanka ta a ba masu tsohon ƙarfe. Aka tara ma'aikata, manaja ya rusuna har ƙasa yana ba da haƙuri. Sakuji ya rusuna shi ma ya koma bencinsa. Sai da ya zauna abin ya sauka masa a ƙirji. In aka kashe wutar nan ya tsallaka ruwa, ba abin da zai ƙara dawo da shi Yambenai. Ba ganga, ba wutsiya, ba Laraba. Heizo kuma ya zo ya fama ciwon, ya ce ɗan Mitsuno ya matsa mata ta rabu da shanu ta koma wurinsa a birni, har ya gyara mata ɗaki, ita dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Daga ran nan Sakuji ya fara haɗa magana. Yana so ya ce mata ba ya son ya koma, yana so ya zauna inda take. Iyakarta ke nan, amma sai ka ce dutse aka ce ya haɗiya. Ya gaya wa wuta, ya gaya wa ganga, ya gaya wa tururi. A gabansu maganar na fita sumul. Laraba na zuwa sai ta maƙale.

"Obara-san."

"Na'am?"

Ya dubi takalminta. Ya dubi curin dankalin da ke hannunsa.

"Sanyi ya fara."

"Kai ma ka lura? Ashe kana da ido."

Larabar ƙarshe ma haka ta wuce. Mitsuno ta daɗe a bakin ƙofa fiye da kullum, har hannunta ya yi ja don ɗumi. Da za ta tafi ta ce, "To, Ebina-san, ka kula da cikinka a jirgi." Ya rusuna. Bai ɗago ba sai da ƙarar motarta ta ɓace.

Ranar kashe wuta ya yi wutsiyar da bai taɓa yin irinta ba. Ya bi ta a hankali, ya ƙara, ya rage, har ta fito bai ɗaya, ba fari ba baƙi, tana ƙyalli. Sannan ya rufe mai. Harshen wutar da ya shekara talatin yana kallo ya lanƙwashe ya ɗauke. Gangar ta ƙara 'yan juyi ta tsaya, wurin ya yi tsit har kunne na ƙara. Manaja ya zuba giyar shinkafa a ƙofar murhu kamar yadda aka saba, kowa ya tafa hannu ya sunkuyar da kai. Masu yin kuka suka yi. Sakuji ya ɗauko basilla ya hau ɗinkin buhuna.

Da aka gama lodi sai Heizo ya dafe ƙugu ya saki ƙara.

"Wash! Saku-san, bayana ya riƙe. Wa zai sauke kayan nan a can?"

"Ɗazu fa na ga kana tsalle daga mota."

"Tsallen ne ya jawo. Hau mu tafi, ko in juye su a kogi."

Ya hau. Hanya ta miƙe tsakanin gonakin da aka riga aka haƙe, ƙasa baƙa wuluk, duwatsu daga nesa sun fara farin kai. Wasu manyan fararen tsuntsaye da ke saukowa daga arewa duk kaka sun bazu a gona suna kiwo. Yau ba tururi a sama, garin ya yi masa wani iri, kamar an kwashe kayan ɗaki. Ya lumshe ido yana jiran ya ji ƙarar rafi.

Motar ta tsaya. Ya buɗe ido ya ce, "Ka ɓata hanya."

"Hanyar da nake bi tun ina da gashi?"

Ba jan rufi. Wani shuɗin kwano ne da ya koɗe, gefe ɗaya ya karkace an tokare shi da gungume. Ba tuffa, ba rafi. Tsofaffin tayoyi ne jibge, da farin radish, wata doguwar saiwa mai kama da karas, da aka rataye jere a jikin bango yana bushewa, da wani kare mai ido ɗaya da ko haushi bai yi ba. Sakuji ya sauko yana taka ƙasar a hankali. Abin mamaki, sai ya ji wannan gidan ya fi nasa shiga rai, domin wannan yana da wari, yana da taɓo, kuma ga takalminta nan a bakin ƙofa.

Mitsuno ta fito daga garke da bokiti, bayanta ya ɗan ranƙwafa, tawul a ka.

"Heizo, sau nawa zan ce maka..." Ta tsaya. "Ebina-san."

"Obara-san. Bayan Heizo ne ya riƙe."

"Bayansa? Yanzun nan zai riƙe da gaske."

Sakuji bai lura da hararar da ta jefa wa Heizo ba. Ya riga ya saɓa buhu a kafaɗa, fuskarsa na haske.

"Ina da roƙo ɗaya. Ban taɓa ganin suna ci ba. Tunda wannan ne na ƙarshe..."

"Sun ƙoshi. Yanzu na ba su."

"Ko ɗan kaɗan ne."

Kafin ta tare shi ya shige garke. Ya warware ɗinki ya zuba a kwamin saniyar farko, ya ja da baya ya haɗa hannu. Saniyar ta kai hanci, ta yi fuu, garin ƙanzon ya tashi ya bule masa wando. Ta juya kai bango. Ya ɗiba ya kai wa ta biyu. Ita ko shinshinawa ba ta yi ba. Ya bi layi da ƙanzo a tafin hannu, yana kiran su ƙasa-ƙasa da sunayen da ya raɗa musu, ba wadda ta san ita ake nufi. Wata tsohuwa a can ƙarshe ta sa hanci ta ture masa hannu har ya zube.

Ya juyo a hankali.

"Ko ban gasa daidai ba ne bana?"

Heizo ya ɗaga kai yana ƙirga azarar rufi. Mitsuno ta ajiye bokiti.

"Zo," ta ce.

Ta zaga da shi bayan garke. Wani tudu ne a wurin, ya fi mutum tsawo, ya kusa taɓa bakin rufi. Gindinsa ya riga ya zama baƙar ƙasa, busasshen yaɗon kabewa ya nannaɗe shi. Daga tsakiya zuwa sama kuwa launin na nan, jaja-jaja, hawa-hawa. Ga yage-yagen buhu sun leƙo ta ko'ina. Sakuji ya ja wani. A bakinsa akwai ƙullin taru, irin wanda ba mai yin sa a Yambenai sai shi.

Kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ashe duk garin sun sani. Ashe duk takawar ƙafar nan da yake gani a ƙarƙashin tebur saboda shi ne. Ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Shekara talatin ina turo miki shara. Ki yafe ni, Obara-san. Gobe zan tafi, ba za ki ƙara..."

"Ɗago kanka! Ka ishe ni da rusune-rusunen nan!" Muryarta ta sa kare ya tashi ya sauya wuri. "Kana tsammani Heizo ke kawo su nan baya? A ƙofa yake jibge su ya gudu, malalacin banza. Ni nake ɗauka, a gadon bayana, buhu-buhu, ina tafe ina zaginka. Duk shekara in ce bana kam sai na gaya masa. Sai in ce to in na gaya masa me zai ƙara aiko min? Mutumin da ba shi da baki sai wuta!"

Ya ɗago. Idonta ya cika, tana goge shi da bayan hannu cikin fushi kamar hayaƙi ne ya shiga.

"Ba na son in koma," ya ce.

"Me ka ce? Kunnena ya tsufa."

"Na ce ba na son in koma, Mitsuno-san. Nan nake so in zauna. Tun ranar da kika shigo kina zagin dokin nan nake so. Ko a ɗan ɗakin gefen garke ne."

"Wane ɗaki? Ka ga ɗaki a nan?"

Ya duba. Tayoyi ne a wurin.

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta cire tawul daga kanta ta toshe baki, farin gashinta ya bayyana. Bai taɓa ganin kanta ba sai yau. Ta nuna tudun da haɓa.

"Dube shi. Dubi tsawonsa, Sakuji. Da ka ɗauko buhun farko da kanka ka kawo, da tudun nan bai kai gwiwa ba."

Ya zauna a gindin tudun ya yi kuka kamar ba dattijo ba. Can gaban gida suka ji Heizo, mai ciwon baya, yana jefo buhuna biyu-biyu.

Bai hau jirgi ba. Mitsuno ta aika wa ɗanta ya ba wani mutum ɗakin da ya gyara mata. Sakuji ya koyi tatsa, bai taɓa iyawa ba, shanun na ganin sa suke ɗaga ƙafa. Mafarkin ma bai bari ba, sau da yawa madara na tafasa ta zube yana tsaye a kanta, sai dai yanzu akwai mai doka masa tsawa ta dawo da shi. Da bazara yakan ɗebi gindin tudun a baro ya baza mata a gona, tana biye da shi tana cewa da wannan saurin sai sun shekara ɗari.

Ba su samu da yawa ba. Hunturun da suka yi tare ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wata bazara ya kwanta, bai tashi ba, tudun kuwa har lokacin yana kai wa mutum ƙirji.

Bayan an gama zaman makoki ɗan nata ya aro motar kwasar ƙasa, ya ce bari ya share mata bayan garke kafin ya koma. Yana tayar da inji ta fito da sandarta ta tsaya a gaba.

"Mama, taki ne fa kawai."

"Taɓa shi ka gani."

"Haba, Mama."

"Wannan shi ne abin da ya riƙa aiko min lokacin da bai iya magana ba," ta ce. "Wanda ya faɗa da baki ɗan kaɗan ne, kuma maganar baki ba ni da inda zan je in gan ta."

Ya kashe injin ya sauko.